Tsayar da Allurar Keken Ɗinki: Yaushe Ake Barinta Ƙasa, Yaushe Ake Ɗaga Ta Sama?

Gabatarwa

A garuruwan Adar da kwarin Majiya, tun daga Madawa zuwa Buza da Keita, har ƙauyukan ƙaramar hukumar Dewule, da wuya a shiga kasuwa ba a ji ƙarar keken ɗinki ba. Wasu sun sayi kekensu da kuɗin albasa, wasu da abin da suka samo wajen bida, wasu mata kuma da kuɗin adashi. Keke dukiya ne. Yadin da ake ɗorawa a kansa kuwa, yawanci amanar wani ne.

Mai koyon ɗinki yakan tattara hankalinsa ga tafiyar keke: yadda zai taka feda, da yadda zai miƙe layi. Amma ɓarna mai yawa a wajen tsayawa take aukuwa. Tela yana tsayawa sau da yawa kafin ya gama riga ɗaya. Yana tsayawa don ya juya yadi, ko ya gyara ninki, ko ya amsa sallama. Zare yakan ƙare, jariri yakan yi kuka, lokacin salla yakan yi.

Mu ɗauki misali. Ana saura kwana uku salla, an kawo wa wata mai koyo farar shadda. Tana cikin ɗinka aljihu, sai aka yi sallama a ƙofa. Ta ɗauke ƙafa daga feda, ta ɗaga takalmin keke, ta tashi. Allura tana sama, ba abin da ke riƙe da yadin, sai nauyin rigar ya ja shi gefe. Da ta dawo ta ci gaba, layin ya karkace, zare ya dunƙule a ƙasa. Dole ta farke. Shadda kuwa ba ta ɓoye hudar allura. Malamarta ta dubi wurin, ta ce: "Ɗiyata, tun kafin ki tashi ya kamata ki san inda kika bar allurarki."

Wannan bayani a kan wannan magana yake. Ƙa'idar gajeriya ce: in za a ci gaba da ɗinki, a bar allura cikin yadi, in za a fitar da aiki, a ɗaga ta sama sarai. A ƙasa za mu ga dalilin haka, da yadda ake yi a kan kowane irin keke.

Sassan keken da ya kamata a sani

Sunayen sassan keke sukan bambanta daga gari zuwa gari. Ga waɗanda za mu yi amfani da su a nan:

Wili: zagayayyen ƙarfen da ke gefen dama na kan keke, wanda ake juyawa da hannu.

Feda: abin da ake takawa da ƙafa.

Takalmi: ƙarfen da ke danne yadi kusa da allura.

Haƙora: ƙarfe mai zarto da ke ƙarƙashin takalmi, mai tura yadi gaba.

Kwarkwaro da ƙoshiya: kwarkwaro shi ke ɗauke da zaren ƙasa, ƙoshiya ita ce gidansa.

Mai jan zare: ɗan ƙarfen nan mai hawa da sauka a goshin keke, wanda zaren sama ke ratsa hudarsa kafin ya gangaro zuwa allura.

Taku: shiga da fita ɗaya na allura. Juyin wili ɗaya cikakke, taku ɗaya yake bayarwa.

Yadda keke yake ƙulla ɗinki

Ɗinkin keke da zare biyu ake yinsa, na sama da na ƙasa. Wani mutumin Amurka mai suna Elias Howe ya yi rajistar keke mai irin wannan ɗinki a shekarar 1846, Isaac Singer kuma ya yi rajistar nasa a 1851. Baƙin keken nan na Butterfly, wanda ake ƙerawa a ƙasar Sin, kuma ya yawaita a shagunanmu, a kan tsarin wani tsohon keken Singer aka yi shi. Kowane taku ɗaya yana bin matakai huɗu.

Na farko: allura ta sauka, ta huda yadi, ta kai zaren sama ƙarƙashi.

Na biyu: da ta kai ƙarshen sauka, sai ta fara hawa kaɗan. Wannan ɗan hawa yana sa zare ya saki, ya yi ɗan zobe a gefen allura.

Na uku: wata ƙugiya mai tsini da ke jikin ƙoshiya ta kama zoben, ta zagaya da shi, har zaren ƙasa ya shiga cikinsa.

Na huɗu: allura ta fita daga yadi. Mai jan zare ya hau sama, ya janye ragowar zaren, ya ɗaure ƙullin a tsakiyar yadi. Haƙora kuma su tura yadi gaba, don taku mai zuwa.

Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na ɗaya, haƙora ba sa tura yadi sai allura ta fita. Saboda haka muddin allura tana ciki, yadi a kafe yake. Na biyu, allura tana riga mai jan zare isa sama. Ana iya ganin allura ta fita, alhali zaren sama yana rataye a jikin ƙoshiya, ƙullin bai gama ɗauruwa ba. Duk wanda ya gane waɗannan abubuwa biyu, ya gane sauran bayanin.

Lokacin da ake barin allura ƙasa

Allurar da ke cikin yadi kamar turke take. Tana riƙe wurin da aka tsaya, ko da an ɗaga takalmi. Ana barinta ƙasa a waɗannan lokuta:

Wajen juya kusurwa. Aljihu, da wuyan riga, da bakin tsaga, duk suna da kusurwa. In saura taku uku ko huɗu a isa kusurwar, a daina taka feda, a ƙarasa da wili a hannu. A bar allura cikin yadi daidai kan kusurwa, a ɗaga takalmi, a juya yadi, a sauke takalmi, sannan a ci gaba. Kada a manta da sauke takalmi. In aka taka feda takalmi yana sama, zare zai cukurkuɗe a ƙasa nan take.

Wajen bin lanƙwasa. A hammata ko zagayen wuya, akan yi taku kaɗan, a tsaya allura tana ciki, a ɗan ɗaga takalmi, a karkata yadi, a sauke, a ci gaba. Haka lanƙwasar take fita sumul.

Wajen gyara ninki ko cire fil. Kada a bi ta kan fil da allura. A tsaya kafin a isa gare shi, a cire shi.

Wajen aiki mai nauyi. Babbar riga, ko labule, ko zanen gado, nauyinsu yana rinjayar abin da ke kan tebur. Allura ce ke hana su zamewa. Amma a tallafe ragowar yadin a kan kujera ko a cinya, don kada nauyin ya lanƙwasa allurar.

Wajen ɗan tsaiko, kamar amsa gaisuwa ko shan ruwa. A bar allura ƙasa, takalmi ma ƙasa.

Akwai wata dabara da gwanaye suke yi a kusurwa. Ba sa juya yadi tun allura tana kan sauka. Sukan bari ta kai ƙarshe, ta fara hawa kaɗan, amma ba ta fita daga yadi ba. A wannan lokaci ƙugiya ta riga ta kama zoben zare. In aka juya kafin haka, zoben yana iya murɗewa, ƙugiya ta kuskure shi. Sai a ga keke ya tsallake taku ɗaya daidai kan kusurwa, bakin aljihu ya fito a dakushe.

Lokacin da ake ɗaga allura sama

In ɗinki ya ƙare, ko za a sake zare, ko za a fitar da ƙoshiya, a ɗaga allura. Amma ba allura ake kallo ba, mai jan zare ake kallo. A juya wili har sai mai jan zare ya kai ƙololuwar hawansa. Sannan a bi wannan jeri:

1. A ɗaga takalmi. Ɗaga shi yana sassauta matsin zaren sama, sai zare ya jawu ba tare da ya tanƙwara allura ba.
2. A ja aikin zuwa baya, ta wajen hagu. Kada a jawo shi gaba.
3. A yanke zare, a bar wutsiya mai tsawon kamar santimita 10 ga kowane ɗaya.
4. A kwantar da wutsiyoyin biyu ƙarƙashin takalmi, suna fuskantar baya.

In an ja aiki aka ji ya ƙi fitowa, ko aka ga zare uku suna fitowa daga huda maimakon biyu, to ƙullin bai ƙare ba. Kada a fizga. A ƙara juya wili kaɗan, zaren zai saki da kansa.

Masu koyo da yawa suna kukan cewa zare yana zarewa daga allura duk lokacin da suka fara sabon ɗinki. Dalilin ke nan. An yanke zare mai jan zare yana ƙasa. Da aka taka feda sai ya hau, ya janye guntun zaren daga hancin allura. Wajen farawa kuma, a danne wutsiyoyin zaren biyu da yatsa har a yi taku biyu ko uku, don kada ƙugiya ta ja su ciki.

Yadda ake tsayar da keken ƙafa

Keken ƙafa ba shi da birki. Babban wilin da ke ƙarƙashin tebur yana da nauyi, ko an daina takawa yakan ƙara juyawa. Tafin hannun dama shi ne birki. A rage takawa tun kafin a isa wurin tsayawa, a ɗora tafin hannu a kan wilin sama, a tsayar da ƙafa a lokaci guda. Kada a ɗauke ƙafa daga feda sai wili ya tsaya cik, domin fedar da aka saki tana iya rinjaya ta juya keke.

A kan Butterfly da Singer da ire-irensu, kullum wili wajen mai ɗinki ake jawo shi: saman wilin ya taho wajen ƙirjinka. In ya juya baya ko da rabin zagaye ne, ƙugiya takan saki zare ba a kan lokaci ba, zare ya tsinke ko ya sarƙe a jikin ƙoshiya. In an wuce wurin da ake so a tsaya, gara a ƙarasa zagayen gaba da a koma baya.

Wajen tashi ma haka ne. Akwai wurare biyu a zagayen feda inda ƙafa kaɗai ba ta iya zaɓa wa keke hanya: yana iya tafiya gaba, yana iya komawa baya. Don haka hannu ne ke tayar da keke. A jawo wili da hannun dama, in feda ta motsa, sai ƙafa ta karɓa.

Keken aikin ado

Masu yin aiki a wuyan riga da hannuwa da zanen gado suna da wani hali dabam. A irin aikin da ake ɗaure yadi a zobe, ana sauke haƙora ko a rufe su. Keke ba ya tura yadi, hannun mai aiki ne ke tafiyar da shi gaba da baya, hagu da dama. Tsawon taku ya dogara ga daidaituwar ƙafa da hannu. Kuskure iri uku ne ke aukuwa wajen tsayawa:

In hannu ya tsaya ƙafa tana takawa, allura za ta yi ta sukar wuri ɗaya. Zare ya taru ya yi ƙulli a bayan yadi, wani lokaci har yadin ya huje.

In ƙafa ta tsaya hannu yana tafiya, kuma allura tana sama, sai a sami dogon taku guda, wanda zai ɓata zanen.

In an ja zobe allura tana cikin yadi, allura ta tanƙwara, ta bugi ƙarfen da ke ƙasa, ta karye.

Maganinsu ɗaya ne. A rage sauri, ƙafa da hannu su tsaya tare, allura tana ƙasa. Wajen ci gaba, a fara kafa hannuwa a kan zobe, a bar allura ta fara motsi, sannan hannu ya bi. A farkon aiki kuma, a yi taku ɗaya da wili, a jawo zaren ƙasa zuwa saman yadi, a riƙe su biyu. A ƙarshe a yi ƙananan taku uku ko huɗu kusa da juna, don ɗinkin ya ɗauru.

Keken lantarki

A manyan garuruwa kamar Madawa da Tawa da Maraɗi, teloli da dama suna aiki da keken masana'anta mai inji. Saurinsa ya wuce na ƙafa nesa. Misali, keken Juki DDL-8700 yana iya yin taku 5,500 a minti ɗaya, wato fiye da 90 a daƙiƙa ɗaya. Ido ba ya iya bin allura a wannan gudu. Injinan iri biyu ne.

Tsohon iri yana ta juyawa da ƙara muddin an kunna shi, ko ana ɗinki ko ba a yi. In an danna feda da yatsun ƙafa keke ya tafi, in an danna da diddige ya ci birki. Ba ya zaɓen inda allura za ta tsaya, sai an ƙarasa da wili a hannu. Babban haɗarinsa shi ne, bayan an kashe wuta injin yakan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. Wanda ya taɓa feda a wannan lokaci, allura za ta motsa. Saboda haka kada a kai yatsa wajen allura sai ƙarar injin ta ɗauke gaba ɗaya.

Sabon iri, wanda ake kira sabo, ba ya juyawa sai an taka feda, kuma ana iya rage masa gudu. Wannan ya fi dacewa da mai koyo. Wasunsu suna da wata ƴar na'ura a jikin wili mai gane inda allura take. Ana iya saita ta yadda duk lokacin da aka saki feda allura za ta tsaya ƙasa, in an danna da diddige ta hau sama. Wato na'urar tana yin abin da tafin hannu yake yi a keken ƙafa.

In wuta ta ɗauke ana cikin ɗinki, a kashe makunnin keke nan da nan. In ba haka ba, wuta tana iya dawowa ƙafa tana kan feda, hannu yana kusa da allura.

Daga lifidi zuwa keke mai dogon hannu

Ɗinke yadi biyu da auduga a tsakaninsu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Haka ake yin lifidi, rigar kariyar nan mai kauri da mayaƙa suke sa wa kansu da dawakansu, wadda ake cusa wa auduga ko audugar rimi. Har yanzu ana ganin ƴan lifidi a hawan salla a birane irin su Kano da Katsina. Da hannu ake wannan ɗinki.

A Amurka da ƙasashen Turai ana yin barguna a kan wannan tsari: yadin ado a sama, auduga a tsakiya, yadin shafi a ƙasa. Don wannan aiki aka ƙera wani babban keke mai dogon hannu. Tsakanin allurarsa da gindinsa yakan kai santimita 45 zuwa 75. Ana naɗe yadin a jikin sanduna, a miƙe shi a kan tebur mai tsawon mita 3 zuwa 4. Yadi ba ya motsi. Keken ne ke tafiya a kan ƙananan tayoyi, mai aiki yana riƙe da shi da hannu biyu, yana zana ado da allura kamar mai rubutu da alƙalami.

Wannan keke ba shi da haƙora, don haka matsalarsa wajen tsayawa irin ta mai aikin ado ce. Masu ƙera shi sun sa maɓalli a mariƙinsa, wanda ake zaɓar ko allura ta tsaya sama ko ƙasa. Masu aiki da shi sukan zaɓi ƙasa, domin keke mai tayoyi ko ɗan taɓi yana gusar da shi. Sun kuma sa na'ura mai auna tafiyar keken, tana daidaita gudun allura da gudun hannu, don taku ya fito daidai, kamar 4 ko 5 a kowane santimita.

Na'urar tana aiki ta hanya biyu. A hanya ta farko, in hannu ya tsaya allura ma ta tsaya. Amma keken a kunne yake, in wani ya bangaje shi zai yi ɗinki inda ba a so. A hanya ta biyu, in hannu ya tsaya allura tana ci gaba a hankali. Wannan yana sa tashi ya yi laushi, kusurwa ta fito da tsini. Amma in aka jima a wuri ɗaya zare zai yi ƙulli, sai an danna maɓallin tsayawa. Darasin da za mu ɗauka shi ne, ko a kan keke mai kwamfuta, mai aiki ne ke yanke shawarar inda allura za ta tsaya.

Alamomi da dalilansu

Zare ya dunƙule a ƙarƙashin yadi a farkon ɗinki: ba a riƙe wutsiyoyin zare ba, ko an manta takalmi a sama.

Layi ya yi tsalle gefe a inda aka tsaya: an ɗaga takalmi allura tana sama.

Kusurwa ta fito a dakushe: an juya yadi kafin ƙugiya ta kama zare.

Zare ya tsinke wajen tashi: wili ya juya baya.

Allura tana yawan karyewa: ana jan yadi tana ciki, ko ta yi wa yadin ƙanƙanta. Lambar da ke jikin fakitin allura tana nuna kaurinta. Lamba 90, wadda ake kira 14, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Ta dace da atamfa da shadda. Lamba 100 da 110, wato 16 da 18, na kaki ne da yadi mai kauri. Lamba 75, wato 11, ta yadi mai laushi ce.

Allurar da ta tanƙwara ko kaɗan ne, a sake ta. Takan tsallake taku, kuma tana iya dakusar da bakin ƙugiya. Sabuwar allura ta fi gyaran ƙugiya araha, balle ga wanda ke ƙauye, sai ya jira ranar kasuwa kafin ya sami mai gyara.

Gwaji a kan takarda

Ba a koyon tsayawa a kan yadin mutane. A sami tsohuwar takarda da tsohuwar allura, a zare zaren sama, a fitar da ƙoshiya.

Gwaji na farko: a taka feda a ƙidaya taku goma, a tsaya allura tana ƙasa. A sake goma, a tsaya mai jan zare yana sama. A maimaita har hannu ya saba.

Gwaji na biyu: a rubuta manyan haruffa a kan takarda, kowane ya kai tsawon tafin hannu, a bi su da allura. Harafin L yana da kusurwa ɗaya. Z da N suna da biyu-biyu. M da W suna da uku-uku. A kowace kusurwa a tsaya, allura ƙasa, a ɗaga takalmi, a juya, a sauke.

Gwaji na uku: a bi harafin O da S da C, don koyon lanƙwasa.

In an gama, a ɗaga takardar wajen haske. Hudojin za su nuna gaskiya: inda suka cunkushe, da inda suka yi nisa, da inda suka bar layi. Wanda ya iya bin sunansa da allura a kan takarda ba tare da kuskure ba, ya isa ya gwada a kan ƙyalle.

Kiyaye lafiya da ajiye keke

Kafin a zura zare, ko a sake allura, ko a taɓa ƙoshiya, a sauke ƙafafu duka biyu daga feda. In keken lantarki ne, a kashe shi.

In allura ta soki yatsa, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu. In ta karye, a tattara guntayenta a haɗa, a ga ko wani ya ɓace. In ana zaton guntu ya saura cikin yatsa, kada a tona da reza ko wata allura. A tafi gidan likita, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya batun rigakafin ciwon sarƙe-haƙora.

Barin allura cikin yadi na ɗan tsaiko ne kawai. Kada a kwana da ita cikin kayan mutane. Man keke yakan gangaro ta jikin allura ya ɓata yadi, da damina tsatsa takan kama, yaro kuma yana iya jan rigar ta yage. In an tashi aiki, a fitar da kayan, a sa ɗan tsumma ƙarƙashin takalmi, a sauke takalmi da allura a kansa. A zame igiyar keke daga babban wili, don ko yara sun taka feda allura ba za ta motsa ba. Sannan a rufe kan keke saboda ƙura, musamman lokacin hunturu.

Kammalawa

Kafin a saki feda, a tambayi kai: zan ci gaba ne, ko na gama? In za a ci gaba, allura ƙasa, takalmi ƙasa. In an gama, mai jan zare sama, sannan takalmi sama, a ja aiki baya. Wili kuwa kullum gaba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa: daƙiƙa biyun da aka ɓata wajen daidaita allura ba su kai wahalar farke ɗinki da biyan yadin mutane ba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa yadi ba ya zamewa in allura tana cikinsa?
2. Wane ƙarfe ake kallo kafin a fitar da aiki daga keke?
3. Me yake faruwa in wili ya juya baya?
4. Kusurwa nawa ke cikin harafin farko na sunanka ko sunanki?
5. Me ya kamata a yi in wuta ta ɗauke ana cikin ɗinki?